Hasken Ciko: Nawa Za a Bar wa Inuwa?

Duk lokacin da muka zauna sharhin fim, abu uku muke juyawa a kai: labari ya yi ma'ana ko bai yi ba, waƙa ta yi yawa ko ta yi daidai, sai kuma batun tarbiyya, wanda shi ne ke cinye mana rabin zama. Da wuya ka ji wani ya ce uffan a kan haske. Alhali kuwa kafin ɗan wasa ya buɗe baki, fitilar da aka kunna masa ta riga ta raɗa wa mai kallo ko ya amince da wannan mutum ko ya yi hattara da shi. A nan ina so in ɗauki fitila guda ɗaya, wadda ta fi kowace rashin suna a wurin ɗaukar fim, in nuna cewa a wurinta ne galibin finafinanmu da hotunanmu suke tuntuɓe.

Masu sana'ar a Kano suna ce mata fil layit. Waɗanda suka koyi aikin da Faransanci a nan wajenmu suna kiran aikin nata débouchage, wato buɗe abin da ya toshe. Ni zan kira ta hasken ciko, domin aikin nata ke nan. A tsarin da Holiwud ta daidaita tun zamanin finafinan baƙi da fari, fitila uku ake kafa wa mutum. Akwai babbar fitila, wadda ake ajiyewa a gefe, ta ɗan ɗara kai tsayi. Ita ce ke zana fuska: hanci ya jefa inuwarsa, kunci ɗaya ya haskaka, ɗaya ya duhunta. Akwai ta bayan ƙeya, wadda ke zagaye kai da kafaɗa da siririn haske don mutum ya rabu da bango. Ta uku ita ce tamu. Kusa da kyamara take zama, a ɓangaren da babbar ba ta kai ba, haskenta da laushi, kuma ba a so ta jefa tata inuwar. Abin da ake nema a wurinta kawai shi ne ta shiga inuwar da babbar ta haifar, ta rage mata nauyi.

Me ya sa ake buƙatar haka? Saboda kyamara ba ta kai ido ba. Kana tsaye a ƙofar gida da rana tsaka, kana iya ganin mai wucewa a titi, kana kuma ganin dattijon da ke zaune a cikin zaure. Kyamara sai ta zaɓi ɗaya: in ta kama titi, zaure ya zama baƙi ƙirin, in ta kama zaure, titi ya wanke fat. Haka yake a fuska. Inuwar da idonka yake ganin abin da ke cikinta, a hoto rami ce.

Ma'aikata suna auna abin da lissafi. Idan gefen fuska mai haske ya ninka gefen inuwa sau biyu, sai su ce 2:1. Wannan shi ne hasken mai karanta labarai a talabijin, da na talla, da na wasan barkwanci, inda komai yake a fili. Idan ya ninka sau huɗu, 4:1, fuska ta fara samun tudu da kwari, nan ne wasan da ke da nauyi ya fi zama. Daga 8:1 zuwa sama kuwa rabin fuska ya soma nutsewa, irin na finafinan 'yan sanda da 'yan ta'adda da Amurka ta yi ta fitarwa a shekarun 1940. A lura da kyau: a duk waɗannan babbar fitila tana iya zama a inda take ba a taɓa ta ba. Abin da ake ƙarawa ko ragewa shi ne ciko. Kuma ba sai an sayi wata na'ura ba kafin a rage shi, domin idan ka ninka nisan ƙaramar fitila daga fuska, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Ba dole ba ne ma ciko ya zama fitila. Duk mai shakka ya gwada: ka zaunar da ƙaninka a gefen taga da hantsi, ka kashe ƙwan ɗaki, ka duba yadda kuncin da ke nesa da tagar ya yi duhu. Sai ka ɗauko farin zane ko farar takarda mai faɗi, ka riƙe a wannan gefen, kana matsowa a hankali. Za ka ga kuncin yana buɗewa kamar ana ɗage labule. Ka ja baya, ya sake rufewa. Duk abin da zan faɗa a gaba, a cikin wannan matsowa da ja da baya yake.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da hasken ciko shi ne aiki biyu yake yi masu karo da juna: yana rufa asirin fata, yana tona asirin ido. Tamoji, da ƙuraje, da tabo, da zanen aska, duk ta ƙananan inuwoyinsu ake ganinsu. Hasken da ya fito daga saitin kyamara yana cike waɗannan ƙananan ramuka, sai fata ta yi sumul. 'Yar wasan nan Merle Oberon ta yi haɗarin mota a 1937 wanda ya bar mata tabo a fuska. Mai ɗaukar hoto Lucien Ballard, wanda ya ɗauke ta a fim ɗin The Lodger na 1944, ya haɗa wata 'yar fitila da ake maƙalawa a jikin kyamara don ta shafe tabon. Daga baya ma ya aure ta, kuma har yau ma'aikata suna kiran irin wannan fitila Obie, daga sunanta. To amma wannan fitila mai ɓoye tabo ita ce kuma ke shiga ƙarƙashin gira, inda hasken sama ba ya kaiwa, ta ɗiga ɗan ɗigon haske a ƙwayar ido. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. A fim, ido ake tambaya. Idan aka janye ciko sai lamarin ya juye: fata ta fito da duk tarihinta, ido kuma ya shige ɗaka ya ja ƙofa.

Babu wanda ya yi amfani da wannan juyi kamar Gordon Willis a The Godfather, fim ɗin Francis Ford Coppola na 1972. Fim ɗin yana buɗewa ne da fuskar wani mai sana'ar shirya gawa, Bonasera, ita kaɗai a cikin baƙin allo, yana kai kukan wasu samari da suka yi wa 'yarsa dukan kawo wuƙa, kotu kuma ta sallame su. Kyamara tana ja da baya sannu a hankali har mu gane cewa ta bayan kafaɗar wani muke kallonsa. Da aka juyo mana da wannan wani, Don Corleone, sai muka tarar da dattijo a kan kujera yana shafa kyanwa, haske yana sauko masa daga sama, goshi da karan hanci da kumatu a bayyane, idanu kuwa galibin lokaci suna cikin rami.

Asalin abin larura ce. Marlon Brando bai kai shekara 50 ba a lokacin, an yi masa kwalliyar tsufa, an sa masa wani abu a baki don kumatunsa su zubo, kuma Willis ya ga cewa hasken sama ne ya fi karɓar wannan kwalliya. Amma hasken sama yana binne ido, kuma duk wani ɗalibin sana'ar ya san maganin: a kawo ciko daga ƙasa ko daga saitin kyamara. Willis ya san maganin, ya ƙi bayarwa sai ɗan kaɗan. A nan ne larura ta zama hikima. Mutumin da kowa yake zuwa neman alfarma a wurinsa, wanda kalma ɗaya daga bakinsa take iya raba wani da ransa, bai kamata a karanta zuciyarsa a banza ba. Bonasera yana leƙen fuskarsa yana neman alamar ko za a taimake shi, mu ma muna leƙe tare da shi, kuma dukkanmu ba mu samu ba sai da ya ga dama.

Sannan a dubi abin da ke faruwa a wajen ɗakin. Bikin 'yar Don ake yi a farfajiya, rana ta wanke ko'ina, ana rawa ana ciye-ciye, babu fuskar da ke da abin ɓoyewa. Fim ɗin yana ta kai da komo tsakanin farfajiyar nan da ofishin nan mai rufaffun tagogi, kuma ba a buƙatar wani ya fito ya yi mana bayanin cewa gidan nan fuska biyu gare shi. A cikin wannan rana muka fara ganin Michael, ƙaramin ɗan Don, da kakin soja, yana gaya wa budurwarsa cewa shi ba ruwansa da harkar gidansu. A ƙarshen fim shi ne a cikin ofishin, ya yi wa matar tasa ƙarya ido da ido, aka rufe ƙofa tana kallo daga waje. Wanda ya bi fuskar Al Pacino daga farko zuwa ƙarshe zai ga ana ta zare mata ciko kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake zare wa mara lafiya abinci.

Shugabannin kamfanin Paramount ba su ji daɗin abin ba da suka ga hotunan farko, sun ce duhu ya yi yawa. Abokan sana'arsa suka laƙaba masa Yariman Duhu. Kashi na ɗaya da na biyu na fim ɗin duk sun ci kyautar Oscar ta gwarzon fim, amma ko sunan Willis ba a sa a jerin masu neman kyautar ɗaukar hoto ba a kansu. Sai a 2009 aka ba shi ta girmamawa, shekara biyar kafin rasuwarsa.

Mu kam bai kamata wannan dabara ta zame mana baƙuwa ba. Me ya sa sarki yake sa amawali? Me ya sa Buzu yake ƙara ja rawaninsa sama idan ya shiga gaban surukinsa? Mun daɗe da sanin cewa kwarjini yana tare da abin da aka hana ido gani. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Rabin maganarmu ta girmamawa da ido ake yin ta: a sunkuyar da shi, a kau da shi, a ɗago shi sau ɗaya a mayar. Amarya a ƙarƙashin mayafi, ɗa a gaban mahaifi, mace a gaban uwar miji, duk wasan ɓoye fuska ne da bayyana ta. Al'ummar da ke da wannan arziki ita ce ya kamata ta fi kowa iya sarrafa inuwa a fim.

Sai dai ka kunna galibin finafinanmu, na Kano da Kaduna da Jos, da waɗanda muke yi a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ka ga abin da ke ciki. Sarki da ɗan aikensa haske ɗaya. Boka a cikin kogonsa da malamar asibiti a ofishinta haske ɗaya. Matar da aka kawo wa takardar saki da wadda aka kawo wa lefe haske ɗaya. An kafa fitila a dama, an kafa irinta a hagu, an kunna duk ƙwayayen da ke silin, bango fari, tayil fari, haske yana ta karo da kansa har babu sauran inuwa ko a ƙarƙashin haɓa. Wannan shi ne 1:1, inda ciko ya yi daidai da babbar fitila, wato babu babba babu ƙarami. Da yake hoton ba ya cewa komai, sai nauyin duka ya koma kan baki da kiɗa. Shi ya sa mugu a fim ɗinmu sai ya zare ido ya yi dariyar mugunta, a kuma buga masa ganga mai ban tsoro, kafin a san mugu ne.

Ba na so in yi rashin adalci. Wannan ɗabi'a tana da tarihi. Tun daga zamanin Turmin Danya a 1990, da kyamarar bidiyo ta kaset aka gina sana'ar nan, kuma waɗannan kyamarori ba sa jure ƙarancin haske, da zarar wuri ya ɗan yi duhu sai hoto ya cika da yashi. Ga gidan haya da aka ba ka na yini ɗaya, ga janareta na shan mai, ga jarumin da wani darakta yake jira a wata unguwa. Mai ɗaukar hoton da ya ce a dakata ya gyara inuwa, gobe ba za a kira shi ba. Kuma shimfiɗaɗɗen haske ba laifi ba ne a kan kansa. Karl Freund, Bajamushen da ya ɗauki Metropolis a 1927 da Dracula a 1931, wato mutumin da ya san duhu ciki da bai, shi ne kuma ya tsara hasken wasan barkwancin nan na talabijin I Love Lucy a 1951, inda ya shimfiɗa haske ko'ina daidai wa daida. Dalilinsa a fili yake: kyamara uku ne suke ɗauka lokaci guda a gaban 'yan kallo, ba damar tsayawa a sauya fitila, kuma barkwanci yana son a ga kowane motsin fuska. Freund ya zaɓa ne. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne mu ba zaɓa muke yi ba. Kyamarorin yanzu suna gani a cikin duhun da na da ba sa gani, fitilun zamani ba sa cin wuta, amma hannu ya riga ya saba.

Wani zai ce ai daga Indiya muka koya, su ma haka suke wanke jarumansu da haske. Gaskiya ne a finafinan rawa da waƙa na baya-bayan nan. Amma Indiyar nan ce ta haifi V. K. Murthy, wanda ya ɗauka wa Guru Dutt Pyaasa a 1957 da Kaagaz Ke Phool a 1959. A na biyun akwai fitowar da Guru Dutt da Waheeda Rehman suke tsaye a cikin wani makeken ɗakin ɗaukar fim da babu kowa, igiyar haske guda ɗaya ta ratso daga sama, wadda da madubi aka janyo ta daga rana, sauran wurin kuwa an bar shi da duhunsa. Waƙa ce ake yi a wurin, ta soyayyar da ba za ta yiwu ba. Mun ɗauko waƙar, mun baro inuwar a can.

Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan zurfi, wanda ba a cika faɗa ba: tsoron kada baƙar fuska ta ɓace. Wannan tsoro ma da asalinsa. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda da shi suke daidaita launin injinansu. Ana kiran katin Shirley, sunan matar da aka fara ɗauka. Ma'ana, fatar da aka auna komai da ita fara ce. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa yake kama launin ƙasa-ƙasa har da koken masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a hoton talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ke da baƙar mace a ciki. A tsawon wannan zamani, abin da aka saba yi wa baƙin ɗan wasa ɗayan biyu ne: ko a bar shi a hasken da aka tsara don farar fata, ya zama haƙori da farin ido kawai, ko a antaya masa wuta har ya yi ta zufa yana ƙyalli kamar an shafe shi da man gyaɗa.

Haskell Wexler yana cikin na farko da suka bi wata hanya, lokacin da ya ɗauki Sidney Poitier a In the Heat of the Night a 1967. Maimakon ƙara wuta sai ya tausasa ta. Dalilin yana cikin yadda fatar take. Fata mai duhu tana shanye haske da yawa, amma tana da sheƙi, tana ɗaukar hoton abin da ke gabanta. Dubi baƙar mota da aka wanke: ba ka gane lanƙwasar jikinta sai ta sararin sama da ke kwance a kanta. Ka haska ta da tocila, ɗigo ɗaya mai kashe ido za ka samu. Haka fuskarmu take. Cikon da ya dace da ita abu ne mai faɗi, farin zane ko babban allo da fatar za ta ɗauka ta shimfiɗa a kunci, ba ƙaramar fitila mai zafi ba. Wanda yake son ganin inda wannan fahimta ta kai, ya kalli Moonlight na Barry Jenkins, 2016, wanda James Laxton ya ɗauka a Miami. 'Yan wasan baƙaƙe ne, wurare da yawa dare ne, inuwa tana da nauyi, amma babu fuskar da ta ɓace. An bar wa fata sheƙinta, ba a kashe shi da hoda ba, sai ga shi tana ɗaukar shuɗin dare da ruwan ɗorawar fitilun titi.

Mu kuwa darasin da muka ɗauka shi ne na antaya wuta, kuma ya fi muni a hotunan biki. A yi wa amarya hodar da ta fi fatarta haske, a kafa mata fitilar zobe a saitin hanci, wadda ciko ce tsantsa ba tare da babbar fitila ba, sannan a shiga kwamfuta a ƙara wankewa. Hoton zai fito babu hanci babu kumatu, sai ido da jan baki suna iyo a kan faranti, har dangin ango su riƙa tambayar ko an sauya musu amarya. Wayar hannu ma yanzu da kanta take yin nata cikon: takan ɗauki hoto da yawa a ƙiftawar ido ta haɗe su, ta ɗaga duk inda ya yi duhu, ko ka so ko ba ka so. Ban ce fitila ce ta kawo man bilicin kasuwanninmu ba. Amma yarinyar da duk hoton da aka taɓa ce mata ta yi kyau a cikinsa ya fi ta haske, me muke tsammanin za ta ɗauka idan ta dubi madubi?

Kada a fahimce ni a kan cewa gaba nake da ciko. A waje, a ƙarƙashin ranarmu, rashinsa ne ke ɓata hoto. Ranar Sallah da hantsi ya ɗaga, ga magidanci da farar shadda da rawani ko malafa, rana a tsakar ka. Farin kaya yana ruɗin kyamara ta rage haske, hula ta jefa inuwa, sai a sami hoton riga babu mai riga. A nan ne ake ganin wanda ya san aiki. Mutane sukan yi dariyar mai hoton da ke kunna filasha da rana tsaka, alhali shi ne mai gaskiya, ciko yake yi. Wani kuma farin allo zai sa yaro ya riƙe daga ƙasa, ko ya matsar da mutumin bakin zaure inda rana ba ta dukansa kai tsaye amma farin yashin ƙofar gida yana mayar masa da haske. Ƙasarmu ma tana ba da ciko kyauta ga mai lura: rairayi, da farin bango, da ita kanta babbar rigar idan rana ta faɗa mata a ƙirji, sai kuma lokacin hazo, da sararin sama gaba ɗaya yake zama fitila mai laushi.

Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, galibin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana. A duba su a ga yadda baƙar fuska take zaune kusa da farar riga da zanen atamfa a baya, kowanne da cikakken bayaninsa, goshi da sheƙinsa, kunci da inuwarsa, ido a buɗe. Bai mai da kowa fari ba, bai kuma bar kowa a rami ba. Kayan aikinsa ba su kai na ɗan ƙaramin shagon hoto na yau ba.

A ɗaya gefen kuma, akwai sabuwar cuta da ta fara shigowa tare da matasan da suka koyi aiki a YouTube: duhu don a ce an iya. A kashe komai, a bar fitila ɗaya shuɗiya a bayan jarumi, a ce wai salon sinima ne. Wannan ma rashin zaɓi ne, an dai sauya abin kwaikwayo. Ko manya sun faɗa wannan rami. A 2019 masu kallon Game of Thrones a duniya sun yi ta ƙorafin cewa ba su ga abin da ya faru ba a babban yaƙin dare na zangon ƙarshe. Willis kansa ya yarda cewa akwai wuraren da ya zarce a kashi na biyu na The Godfather, na 1974. Kuma shi don zauren sinima mai duhu ya yi aikinsa. Namu mai kallon yana zaune ne a tashar mota ko a bakin shago, da waya mai tsagaggen gilashi, fim ɗin kuma an matse shi an sake matsewa kafin a tura masa. Matsewar nan inuwa take fara ci, ta mai da ita dabbare-dabbare. Saboda haka wanda ya kwafo 8:1 ya kawo mana ba tare da tunani ba, ya zalunci mai kallo. A ganina wajen 4:1 ya isa ya ba fuska siffa kuma ya tsira a waya, a ajiye abin da ya fi haka don fitowa ɗaya ko biyu da labari ya nema.

A falon da muka saba ɗaukar fim, mai farin fenti da farin tayil da farin silin, matsalar ba ƙarancin ciko ba ce, ɗakin gaba ɗayansa ciko ne. Aikin da ke gaban mai ɗaukar hoto a nan ragewa ne, kuma ma'aikata suna da dabarar: a rataya baƙin ƙyalle a gefen fuska, daf da inda kyamara ba ta gani, ya shanye hasken da bango yake mayarwa. Yadi biyu na baƙin yadi da tsinken rataye shanya sun isa.

A ɗauki fitowar da muka gani sau ɗari: uba ya kira 'yarsa ya gaya mata ya ba da ita. A kashe ƙwayayen silin. A zaunar da uban ya ba taga gefe, a sa baƙin ƙyallen a ɗaya gefen nasa, yadda rabin fuskarsa zai yi nauyi, idon da ke wannan ɓangaren a gan shi da ƙyar. Ita kuma tana durƙushe a ƙasa, kai a sunkuye, mayafi ya rufe goshi. A shimfiɗa farin zane a kan tabarma a gabanta, ƙasa da inda hoto ya yanke. Muddin kanta yana ƙasa, ba za a ga komai ba sai leɓe da haɓa. Lokacin da ya ambaci sunan mijin, ta ɗago sau ɗaya, hasken zanen ya shiga ƙarƙashin mayafin ya sami ido, a ga ruwan da ya taru a ciki, ta mayar da kai ta ce, “To, Baba.”